Mazarƙwailar Akwatin Kaka

"...lafiya lau, ya gajiyar Arfa, tsoho? Ƙafafun dai sun dawo gida ko an baro su a Mina?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ƙafafuna kuwa ki fita harkarsu, amarya, su suka goyo uwarki daga Barno har bakin teku, lokacin ke ko a mafarki babu ke."

"Shi ya sa suka kanannaɗe kamar igiyar guga."

"Allah ya shirye ki. Me kike dafawa ne gida duk ya ɗau tsami kamar an zubar da tsohuwar gasara?"

To tsaya in faɗa muku tun daga farko don kar ku ɓata. Ni ce Rumasa'u, shekarata sha uku, a nan Makka aka haife ni, gidanmu na kwano ne a kan dutse saman Kudai inda in ka leƙa ƙasa kana ganin motocin alhazai suna ta hayaƙi. Wannan tsohon da nake zolaya kakana ne, Kaka Kabo, baban innata, mutumin wani ƙauye ne kusa da Maƙarfi, a ƙafa ya zo hajji shekara huɗu yana hanya kuma bai koma ba, ya yi ta ɗaukar ruwa a garwa yana kai wa gidaje har bayansa ya lanƙwashe. Yanzu ba ya ɗaukar komai sai dai duk shekara ranar Arfa ya yi ta bin tanti-tanti yana tambayar alhazan Najeriya ko akwai ɗan garinsu.

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani koren akwatin ƙarfe, makullin yana wuyansa a jikin igiya ko wanka zai yi ba ya cirewa. Likkafaninsa ne a ciki wanda ya wanke da zamzam da hannunsa, kuma a tsakiyar likkafanin akwai mazarƙwaila guda ɗaya tal. Ƙaninsa Wada ne ya dafa ta a gida ya ba wani alhaji ya kawo masa shekara uku da suka wuce. Da can duk Juma'a sai ya buɗe ya shinshina ya mayar, ko lasa ba ya yi, mu ma ko gani ba ya bari mu yi. Bara alhazai suka zo da labarin Wada ya rasu, tun ranar bai ƙara buɗe akwatin ba.

Ai kuwa shekaran jiya da safe ina shara sai na ga kiyashi sun yi layi tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, na durƙusa na leƙa wallahi ta wata 'yar tsatsa a gindin akwatin suke shiga suna fitowa kowa da abu a baki. Na ruga wurin Inna, Inna ta dafe kai ta ce ke kin san ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa, ni ma ba na iya haɗa ido da shi, ta ina zan fara ce masa Baba buɗe akwatin likkafaninka, ai kamar ina kira masa mutuwa ne. Ta ce ke ce abokiyar wasansa, ke za ki sa ya buɗe da kansa kuma yau ɗin nan, in ba haka ba nan da kwana biyu babu abin da zai rage masa na Wada.

Ina cikin tunanin ta inda zan ɓullo sai ga maƙwabciyarmu Babuhariya, asalinta wata ƙasa ce mai nisa can gabas, Hala muke ce mata wato goggo da Larabci, ta aiko mana da wani abu da 'yan uwanta alhazai suka zo da shi ta jirgin sama naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, wai sunansa ribas, wasu karare ne jajaye masu kauri da ganye fankam-fankam kamar na gwaza, ta ce a yanka a dafa da sukari ya yi kauri a riƙa damawa da ruwan sanyi. Nan take dabara ta faɗo min. Na kunna risho a tsakar gida daidai ƙofar ɗakinsa, ya dawo daga la'asar ya same ni.

"Sharbat nake maka, tsoho, sharbat na manya, irin wanda ba ka taɓa sha ba tun da aka haife ka a ƙauyenku mai gida uku."

"Gida uku! Garin da in kin shiga gonar rake da hantsi sai azahar za ki ɓullo ta ɗaya gefen?"

"Ɓata hanya kuke yi."

"Ke da kika girma a kan dutse kamar ƙadangaruwa me kika sani game da gona? Miƙo min wannan in gani. Kai! Yakuwa! Wallahi yakuwa ce ta samu hutu ta yi ƙiba. Ina ganyen?"

"Na zubar."

"Kin me?"

"Na zubar a bola, halas, an gama."

"Inna lillahi. Jama'a ku zo ku ga matar da aka haɗa ni da ita. Ta zubar da ganye ta ajiye kara! A garinmu ganyen ake miya da shi, karan ko jaki sai ya yi shawara. Maza je ki tsinto a yi mana fate."

"Hala ta ce ganyen guba ne, ko akuya ta ci sai cikinta ya murɗe."

"Yakuwa mai guba? To wannan ba ta musulunta ba."

"Ta musulunta mana, ba ga shi ta zo hajji ba? Har ta fi ka, ita a jirgin sama ta zo, kwana ɗaya, kai shekara huɗu kana jan ƙafa."

"Ladan nawa ya fi."

"Kaushin naka dai ya fi."

Sai ya ɗauki kara ɗaya wai zai nuna min shi ba baƙon yakuwa ba ne, ya sa a gefen bakin da yake da sauran haƙori biyu ya gatsa, wallahi da kun ga fuskarsa, ido ɗaya ya rufe ɗaya ya fito, gemu ya karkace, ya fi minti yana neman salati ya kasa kamo bakin zaren.

"Yaya dai, mai gida? In kira maka Hala ta ba ka haƙuri?"

"Ba... ba tsami. Tunani nake yi."

"Hawaye ne tunanin?"

"Hayaƙin rishonki ne. Ke ko wuta ba ki iya hurawa ba, sai ki yi ta buga wa ƙarfe famfo kamar mai gyaran keke."

Na kwashe wanda na fara dafawa da farin sukari, kaɗan na yi da gangan, sauran ribas ɗin na ɓoye a ƙarƙashin faifai. Ya yi ja wur kamar jan lalle, na ɗebo a cokali na hura na miƙa masa, ya lasa ya ƙara lasa sannan ya taɓe baki.

"Da me kika zaƙaƙa wannan?"

"Da sukari mana, da toka zan sa?"

"Wannan farin? Wannan ai ba shi da uwa ba shi da uba. Zaƙi ne kawai ya zo ya wuce kamar gaisuwar direba, ba ya zama a baki ya tambayi mutanen gida."

"To wane sukari ne mai uwa da uba?"

Na san abin da na taɓo, ai kuwa ya gyara zama a kan tabarma ya ture hula baya.

"Ke ba ki san komai ba. In sanyi ya shigo aka sare rake, tun kafin gari ya gama wayewa mun ɗaura doki a jikin injin matsa, yana zagayawa yana zagayawa, ƙarfe yana kuka, ruwan rake yana zuba kore-kore a garwa. Wani doki gare mu ja mai farin goshi, in ya gaji sai ya tsaya cak, ko za ki kashe shi ba ya motsi sai an ba shi gaɓa ɗaya ya tauna."

"Halinku ɗaya."

"Rufe min baki. Sai a juye a kasko, kaskon da ke da uwarki da Halar taku za ku shiga ku zauna a ciki, a hura wuta da tuƙar raken da ta bushe, kumfa tana tasowa ana kwashewa. Ƙamshin nan, amarya, mutum yana kan hanyar kasuwa daga nesa zai ce yau gidan su Kabo suna dahuwa. Yara su kewaye mu kowa da ɗan kara a hannu yana jiran ƙanzon kasko. Kuma ba a duba agogo, da kunne ake ganewa. In ta nuna tafasar takan canza murya. Duk yankinmu babu mai kunnena, ni nake cewa yanzu, a sauke, a zuba a 'yan tasoshi ta daskare."

"Kai ɗin? Kai da sai an yi kiran salla sau biyu kake cewa wa ke magana?"

"Garwa ce ta cinye min kunne."

"Ni fa ban yarda akwai wani abu wai shi mazarƙwaila ba. Sunan ma ka ji shi kamar mutum ya faɗo daga kan jaki. Ƙirƙira kuka yi ku tsofaffi don ku riƙa yi mana gori."

"A'uzu billahi. Rake fa! Abin da duniya ta sani. Ni da na yi dako a bakin ruwan Sudan na ga wani baƙin bature ma'aikacin jirgi, ya ce min su a ƙasarsu ruwan raken suke bari ya lalace ya koma giya, su zuba masa lemo su yi ta sha suna tangaɗi. Na ce masa kun ga ni'ima kun mai da ita masifa."

"Au! Ashe har abokai gare ka 'yan giya? Bari Inna ta ji. Shi ya sa hajjin ya ɗauke ka shekara huɗu, tafiya ɗaya tangaɗi biyu."

"Ke! Bakinki ya sari dutse. Ni ko warinta ban sani ba."

"To ni ma ko warin mazarƙwaila ban sani ba. Na rantse dutse ne ka naɗe a akwatin nan. Ko kashin raƙumi alhajin ya tsinta a hanya ya kawo maka, ya ce tsohon nan ba ya gani sosai."

"Kashin raƙumi!"

"In ba shi ba ne buɗe mu gani."

Ya kalle ni ya kalli ƙofar ɗaki, hannunsa ya tafi kan igiyar wuyansa ya damƙe makullin ta cikin riga, dariyar duk ta bar fuskarsa.

"Na gano ki, Rumasa'u. Tun ɗazu akwatina kike kewayawa."

In ya kira ni da sunana to ba wasa.

"Wannan akwatin an gama buɗe shi da hannuna. Ranar da za a sake buɗe shi wasu ne za su buɗe, ni ina kwance. Abin da ke ciki hannun Wada ne ya taɓa shi ƙarshe, ya zuba a tasa, ya juye, har shatin babban yatsansa yana nan a gefe. Shekara talatin da ɗaya ban ga yaron nan ba. Na ce masa rani biyu zan yi in dawo, ya riƙe min doki. Ki dafa yakuwarki da farin sukarinki ki ƙyale ni."

Na waiga na ga Inna a bayan labulen ɗakinta ta leƙo da ido ɗaya tana min alama da hannu wai ci gaba ci gaba, ita ke nan ta iya turo mutum. Na ce a raina in na faɗa masa da hawaye zai ƙi, gara in faɗa masa da bakin da ya saba ji.

"To shi ke nan, mai gida, ni ka hana ni. Amma baƙinka fa ba su nemi makulli ba."

"Waɗanne baƙi?"

"Alhazai ne. Ƙanana, baƙaƙe, sun fi na Arfa yawa, ba fasfo ba mutawwifi mai yi musu jagora. Tun safe suke sahu daga bakin ƙofa, suna shiga hannu sake suna fitowa kowa da tsarabarsa a ka."

"Me kike cewa ne?"

"Kiyashi, Kaka. Ta gindi suka shiga, tsatsa ta huda."

Ban taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba, ko sandarsa bai ɗauka ba, ya shiga ɗaki ya durƙusa na bi shi na jawo masa akwatin bakin ƙofa inda haske yake. Makullin ya ƙi shiga har sau uku, ni dai ban taɓa ba, na riƙe masa murfin kawai da ya buɗe. Ya warware likkafanin a hankali ninki ɗaya ninki biyu, a na uku sai ga wani tabo ja-ja baƙi-baƙi kamar faɗin faifai, zafin Makka ya narkar da ita ta tsattsafo cikin yadin, ga kiyashi dam suna gudu ta ko'ina. Mazarƙwailar kuwa sun rarake ta ta ƙasa ta zama kamar ƙoƙo, rabi ya tafi. Ya ɗago ta da hannu biyu yana juyawa yana neman wurin yatsan, babu, nan suka fara ci.

Ya ce, "Wada," a hankali.

Ƙamshin ya cika ɗakin, ni ban taɓa jin irinsa ba, kamar hayaƙi kamar zuma kamar ƙasa in an yi ruwa. Na ga in aka ƙara minti ɗaya tsohon nan zai karye a gabana, sai na riƙe ƙugu.

"Yanzu fisabilillahi, shekara uku ka hana matarka ta sunna ko lasa, ashe wasu kake ciyarwa a ɓoye. Dubi cikinsu! Tashi mu je gaban alƙali."

Ya ɗago ya kalle ni idonsa jajir, ban san kuka zai yi ko zagi ba, sai kawai wata dariya ta kufce masa haɗe da tari.

"Ja'ira. Kin ga kashin raƙumin?"

"Na gani. Raƙumin dai rake yake ci."

"Kawo tire. Sa ta a rana su watse, kar ki kashe ko ɗaya, a Harami muke, sun ci rabonsu. Ina sauran yakuwar taki? Na san kin ɓoye, tun ɗazu nake ganin jan abu a ƙarƙashin faifai."

"Ashe kana gani."

"Abin da na ga dama nake gani. Wanke tukunyar nan, kar ɗigon farin sukari ya rage a ciki."

Ai kuwa tsoho ya naɗe hannun riga ya zauna a gaban risho kamar ba shi ne ke zaginsa ɗazu ba. Da rana ta kori kiyashin ya sa na kawo ruwa kofi biyu ya narka mazarƙwailar da yatsunsa yana murzawa a hankali, muka tace da farin ƙyalle, na yanka ribas gaɓa-gaɓa na zuba, ya ce rage wuta, na rage, ya ce ke rage na ce ba kashe ba, na ƙara, kumfa ta taso ya karɓi ludayi yana kwashewa ta gefe ta gefe yana watsawa. Karan suka narke suka zama zare-zare, muka sake tacewa muka mayar da ruwan kan wuta.

"Yanzu ki yi shiru."

"Ni?"

"Na san abu ne mai wuya, amma ki gwada don Allah. Ba daskarewa muke so ta yi ba, a tsakiya za a kama ta, in ta wuce ta zama alewa, in ba ta kai ba kwana biyu ta yi tsami. Saurara."

Ya karkato kunnen dama, ya juya ya karkato na hagu. Tukunya tana fal-fal-fal. Na ga yana ta matsowa har gemunsa ya kusa shiga, gumi yana ɗiga, sai ya ja da baya ya ajiye ludayin.

"Amarya, in faɗa miki wata magana kar ki kai kasuwa?"

"Sai dai in kai wa Hala."

"Ba ni nake cewa yanzu ba. Wada ne. Ni wuta nake hurawa. Sau ɗaya aka bar min kasko na ƙona shi ƙurmus, babanmu ya bi ni da tuƙar rake har bakin rafi."

"La ilaha! Shekara nawa kana cika mana baki?"

"To wa zai ƙaryata ni a Makka?"

"To yanzu yaya za mu yi?"

"Oho. Mu sauke da ƙaddara."

Na ce a'a tsaya, na rufe ido na sa kunne don wallahi ban so ta ƙone, ita ke nan babu wata. Fal-fal-fal, fal-fal-fal, kamar yara suna gudu ba takalmi, can sai na ji gudun ya ragu, ta koma bul... bul... kamar Kaka yana hawan dutsenmu da garwa biyu yana tsayawa yana numfashi, ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

"Yanzu!"

Ya fizge tukunyar da gefen rigarsa ya dire a ƙasa, ya tsoma cokali ya ɗiga a ɗan yatsa ya haɗa da babban yatsa ya buɗe, sai ga zare siriri ya miƙe ya tsinke. Ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya kalle ni wani irin kallo.

"Haka yake faɗa. Da ihun da komai, har doki ya firgita."

"To ka ga ni na gaji kunne, kai ka gaji hura wuta."

"Ke dai kin gaji rashin kunya, ban san ta wajen wa ba."

Da ta huce ta yi kauri ja mai duhu kamar garwashi, ya ce ba a dama wannan da cokali kamar kokon marar lafiya, ya sa na sauko masa da tsohuwar gorarsa ta hanya wadda ya sha ruwa da ita tun daga gida har Jidda, tana rataye a bango duk ƙura. Na ɗauraye, ya zuba ludayi biyu, na matse lemon tsami ɗaya, ya murje ganyen na'ana'a a tafin hannu ya tura ta bakin gorar, na ɗebo ruwa a randa, na roƙo ɓallin ƙanƙara a wurin Hala na farfasa da taɓarya muka dura, ya toshe da tsumma ya kama kaɗawa kamar Bafillatana tana kaɗa nono, kafaɗa tana yi gemu yana yi ƙanƙara tana ƙwal-ƙwal.

"Rawa kake yi a Makka da tsufanka?"

"Aiki nake yi. Kawo finjalai uku."

Ya cika na farko ya miƙo min ba tare da ya kalli labule ba.

"Kai wa mutanen ɗakin can. Ki ce musu na ga idonsu tun ɗazu, su daina turo min 'yan aike."

Na ji Inna ta yi wata 'yar ƙara ta saki labule. Na kai mata na dawo da gudu don kar ya sha ba na nan. Ya yi bisimilla ya kurɓa ya riƙe a baki ya rufe ido, ni ma na kurɓa, wayyo, tsamin ne ya fara zuwa ya tsinke ni sannan zaƙin ya biyo baya a hankali da hayaƙinsa ya zauna, ya ƙi tafiya, ashe da gaske ne akwai sukarin da ke tambayar mutanen gida.

"Yaya, mai gida?"

"Ba daɗi. Ƙaro."

Na ƙara.

"Yanzu fa?"

"Yakuwar ta yi yawa. Ƙaro in tabbatar."

"Na ukun fa me za ka tabbatar?"

"A na farko na ga kaskon. A na biyu na ga dokin. Ƙaro ko zan ga mai riƙe da shi."

Na ƙara masa, ya sha a hankali yana kallon bango, ban tambaye shi ko ya gani ba.

Sauran muka ɗura a kwalba, ta kai rabi, ya ce a tsayar da ita a tsakiyar kwano mai ruwa don alhazan nan ba su iya iyo ba. Ni kuma na ɗauko likkafanin na kakkaɓe na ce bari in jiƙa shi tun yanzu gobe in kai a wanke da zamzam tabon ya fita.

"Kar ki soma. Kakkaɓe kawai ki ninke."

"Da wannan tabon? Mutane su ce matarka ƙazama ce?"

"Ai sun riga sun sani. Bar shi. Yaron nan ina saurayi ya san ni, da haƙora talatin da baƙin gashi. In na je masa da wannan fuskar cewa zai yi baba daga ina. Amma in ya ji ƙamshin nan, ko bai waigo ba zai ce Kabo ka ƙona ko ka kawo?"

"Kafin ya gane ka kiyashi sun riga shi. Da rakiya za ka tafi, sahu guda har maƙabartar Ma'ala."

Ya yi dariya ya yi dariya har hula ta faɗo cikin tiren, yana tari yana nuna ni da yatsa ya kasa magana, Inna ma ina jin ta a ɗaki tana toshe baki. Da ya samu numfashi sai ya sunkuyar da kai ya zare igiyar makullin da ko wanka ba ya cirewa, ya rataya min a wuya, da ɗumin jikinsa da komai.

"Kin ci, ja'ira. Gobe a kai akwati a like gindin. Duk Juma'a ke za ki buɗe ki duba min."

"Kwalbar fa?"

"Finjali ɗaya duk Juma'a. Ke ki kaɗa, ni in ce ba daɗi."